Uwar Maƙerar Ɗan Haye

Daga Allah muka zo, kuma gare shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Doha wata ranar Lahadi da azahar, yana zaune a mota a ƙofar makaranta yana jiran jikokin kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake yi wa aiki, su tashi. Yaran ne suka zo suka yi ta ƙwanƙwasa gilashi, a zatonsu barci ne ya ɗauke shi. A ƙasar nan muka binne shi, mu 'yan tsirarun da muka samu izinin barin aiki.

Zaman makoki a ƙasar mutane ba ya tsawo. Mun shimfiɗa tabarma a gaban ɗakinsa na direba, a bakin get ɗin gidan kafil ɗin da ke unguwar Nu'aija. Mutane suna zuwa da kayan aiki a jikinsu, su yi addu'a, su duba agogo, su tashi. Akwai direbobi, akwai masu gadi, har da wata nas 'yar Jos da ta kawo kular abinci ta tsaya daga gefe tana share hawaye. Maganar kowa ɗaya ce: mutum ne mai haƙuri, bai taɓa goga motar mutane ba. Kafil ɗin da kansa, tsoho mai dogara sanda, ya fito ya zauna tare da mu a ƙasa, ya ce duk shekarun nan bai taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba. Na ce a raina, ai don ba ka taɓa ɗaukar masa guduma ka mayar inda ba nan take ba.

Ni kuwa zaman bai karɓe ni ba. In zauna, in tashi, in leƙa gareji, in dawo. Dalili shi ne tun da safe babban ɗan kafil ya ja ni gefe, ya yi mini gaisuwa da kyau, sannan ya ce sabon direba yana hanya, ana buƙatar ɗakin da kusurwar garejin.

"Ka ɗauki abin da kake so," in ji shi. "Ranar Asabar 'yan gwangwan za su zo su kwashe sauran. Khalas."

Ban ga laifinsa ba. Gidansu ne, kuma sun yi haƙurin da ni ba zan iya ba. Amma abin da ya kira "sauran" shi ne rabin rayuwar Kawu: bayis-bayis ɗin matse ƙarfe manya da ƙanana, guduma kala-kala, awartaki, zarto, da kuma babbar uwar maƙera mai ƙaho da ke zaune a kan kututturen katako. Ni a filin jirgi nake aiki, ina lodin akwatunan mutane, kuma kwanana a gadon sama ne a ɗakin da muke cunkushe. Ko takalmina a ƙarƙashin gadon wani nake ajiyewa. Ina zan kai uwar maƙera? In kuwa ban samo mata wuri ba kafin Asabar, narka ta za a yi, ta koma rodin gini.

Mu ba maƙera ba ne, wannan ya kamata in faɗa tun da wuri. Kakana goro yake sayarwa. Mahaifiyata ta ce tun Kawu yana ƙarami in an neme shi an rasa, to a je rumfar maƙera, za a same shi a tsugune yana kallon wuta har idonsa ya yi ja. Kakana ya dake shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Su ma maƙeran ba su taɓa barinsa ya riƙe ko zugazugi ba, don ƙira a wurinsu gado ce, wanda kuma ya shigo ta daga waje sunansa ɗan haye. Kawu ya girma, ya koyi tuƙi, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa mata, ya zo Doha. Sai da furfura ta fara fito masa, a ƙasar da babu wanda ya san sana'ar ubansa, sannan ya sayi gudumarsa ta farko.

Daga nan abin ya zama ciwo. Ranar hutunsa ba ta barci ba ce. Zai buga mini waya tun hantsi: "Kai, kana of? Yalla, shirya, za mu Sana'iyya." Mu yi ta yawo a cikin rana a unguwar masana'antun nan, daga wannan filin gwangwan zuwa wancan, ni ina tsaki, shi yana tone tarin tsatsa da ƙafa. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai 'yar ƙaramar guduma. In ya ga ƙarfe sai ya ɗan ƙwanƙwasa, ya karkata kunne. In ya yi ƙara mai tsawo ya ce, "Wannan da ransa." In ya yi wani bam a dushe ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya wuce.

Bayis ne ya fi ɗaukar masa hankali, musamman wanda ya daskare, bakinsa ya ƙi buɗewa. Zai kawo shi gida ya jiƙa a cikin gas na mako da makonni, kullum da safe ya ɗan murɗa hannun, ya ɗan buga, ya mayar. Ranar da ya buɗe kuwa sai ka ce haihuwa aka yi masa, har hoto yake turo mini ina tsakiyar duti. Na taɓa tambayarsa me mutum mai hannu biyu zai yi da bayis ɗin da suka cika rabin gareji.

"Ba ni na neme su ba," in ji shi. "Gani na yi za a kashe su."

"Kawu, ƙarfe ne fa."

"To kai ɗin mene ne? Ƙasa. Amma ga shi nan ina ciyar da kai."

Uwar maƙerar a wani tsohon wurin gyaran jiragen ruwa na katako muka samo ta, lokacin da masu wurin suke tashi. Tana jefe a gefe, an ɗaure igiya a ƙahonta. Kawu ya ƙwanƙwasa ta sau ɗaya, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Mu huɗu muka ɗora ta a bayan mota, bayana kuma ya yi kwanaki yana tuna mini. Da muka sauke ta na gaji, na je zan zauna a kanta in huta. Ranar na ji muryar da kafil ya ce bai taɓa ji ba.

"Tashi! Uwa ce! A kan uwarka kake zama?"

Na miƙe ban shirya ba. Bai yi mini magana ba har muka ci abinci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake hura wuta a bayan gareji, da gawayin gashin nama da wata tsohuwar na'urar busar da gashi da matan gidan suka jefar. Mutanen gidan suna kiran abin haukan direba, amma cikin raha suke faɗa. Abubuwan da ya fara ƙerawa, gaskiya, Allah ya sawwaƙe. Wuƙar da ya ba ni ta farko ta karkace kamar ayaba, ko albasa sai da lallashi take yankawa. Na gaya masa haka, ya ce hannuna ne a karkace. Amma bai daina ba, kuma a hankali hannunsa ya faɗa. Duk tsinken tsiren da 'yan garinmu ke amfani da shi ranar Sallah a Doha aikinsa ne. Nas ɗin nan 'yar Jos, keken guragun mahaifinta ne matakinsa ya karye lokacin da ta kawo shi jinya, Kawu ya ƙera wani, ya je har gida ya ɗaura. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Abin da yake so kawai a juya aikin a hannu a ce ya yi kyau, in ka faɗa kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar ango.

Mutum ɗaya ne ya hana shi wannan kalmar, kuma daga bakinsa ya fi son jin ta. Akwai wani dattijo sa'ansa da ke gadin wani kamfani, muna ce masa Baba Maigadi. Shi ɗan gado ne na ainihi, ubansa maƙeri, kakansa maƙeri, yayansa har yau yana riƙe da rumfar gidansu a gida Najeriya. Shi kuwa gudun wuta ne ya fito da shi, yana faɗa ba ya ɓoyewa. Wata Sallah muna cin nama, Kawu ya zaro wani ɗan gatari da ya yi wata guda yana fama da shi, ya miƙa masa da hannu biyu a gaban jama'a. Baba Maigadi ya juya shi, ya murza kaifin da babban yatsa, ya ajiye kusa da kwano.

"Ƙarfe dai ya sha duka," ya ce.

"Ina gyaran yake?"

"Gyaran a jini yake, Alhaji. Haye haye ne. Ka riƙe sitiyarinka."

Wasu suka yi dariya. Kawu ya ɗauki gatarinsa ya naɗe a tsumma, ya wanke hannu, ya tafi bai ƙarasa cin naman ba. Ni na so in tanka, ya harare ni. A mota ya yi ta faɗa shi kaɗai, ya ce mutumin da ya gudu ya bar wutar ubansa ya zo yana buɗe wa motoci ƙofa shi ne zai yi masa gorin jini. Na ɗauka an rabu ke nan. Ina! Bayan sati biyu sai ga shi ya sayi lemo ya tafi wurin gadin, wai zai tambaye shi yadda ake gane launin ƙarfe kafin a tsoma shi a ruwa. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Kawu ya tambaya, Baba Maigadi ya ba shi rabin amsa haɗe da baƙar magana, su rabu a fusace, su sake haɗuwa. Ya gayyace shi Nu'aija ya fi a ƙirga, ya zo ko kallo ne ya yi. Bai taɓa takowa ba. Ranar makoki ya zo, ya yi addu'a mai tsawo, amma ya zauna ya ba garejin baya.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A wurin aiki ina ɗaga akwatunan mutane, kowanne da takardar garin da za shi, ina jin haushinsu. Na kira matar Kawu a gida. Ta yi kuka, ta ce, "Ɗana, ko an kawo ina zan sa ta? Wa zai buga? Ka turo mini carbinsa da rigunansa kawai." Gaskiyarta. Na zaga wajen masu walda, ɗaya ya ce ba ya buƙata, ɗaya ya tambaye ni kilo nawa ce, na juya na fita. Na samu masu karɓar ƙananan kaya: wani makanike ya ɗauki bayis biyu, direbobi suka rarraba gudumomi don tunawa. Uwar kuwa kowa ya kalla sai ya ce Allah ya kawo mai rabo.

Ana cikin haka na ji cewa Baba Maigadi ya gama kwantiragi, zai koma gida gaba ɗaya, har ya kama wuri a kwantenar kayan da 'yan garinsu suka haɗa za a tura gida. Ga kwantena, ga rumfar maƙera a ƙarshen tafiya. Duk duniya babu wanda zai iya ceton ƙarfen nan sai mutumin da ya fi kowa raina mai shi.

Na same shi ranar Alhamis da la'asar sakaliya a Corniche, bakin teku, inda ya saba zama yana kallon jiragen katako. Na gaishe shi na durƙusa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juyo ya dube ni.

"Yaro, ka san abin da kake roƙo? Uwa ba kujera ba ce da za a ce ga kyauta. A gidanmu ba a kafa uwar da ba a san hannun da ya ci a kanta ba. In ta maƙeri ce, tana da alfarma, ko a ina ya mutu sai an kai ta inda wuta take. In kuwa ta mai wasa ce, ƙarfe ce kamar kowane ƙarfe."

"Baba, ko zuwa ka yi ka gani."

"Na ga gatarinsa."

"Wannan ai tun yaushe!"

"Kada ka ɗaga mini murya. Me zan ce wa yayana? In ce ga kayan wasan wani direba na kawo maka?"

Na tashi ban yi masa sallama ba. Na yi ta tafiya a bakin ruwan, masu gudun motsa jiki suna wuce ni, ina jin kamar in kama wani da kokawa. Na ji haushin Baba Maigadi, na ji haushin kakana da na sani a hoto kawai, na ji haushin Kawu ma da ya tara abin da ya san ba shi da inda zai bar shi.

Asabar da safe na nemi canjin duti na tafi Nu'aija. 'Yan gwangwan sun riga ni. Sun ja motarsu har bakin gareji, sun fara jifa. Bayis ɗin da Kawu ya yi makonni yana lallashi su buɗe baki, ga su nan ana wurga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa da ƙara. Na tsaya ina kallo, ban iya hana su ba, kuma ban iya tafiya ba. Da suka zo kan uwar, biyu suka kama ƙaho da gindi suka kasa, suka tafi ɗauko sarƙa.

A lokacin ne tasi ta tsaya a bakin get. Baba Maigadi ya fito da doguwar riga, fuska a murtuke, ko kallona bai yi ba.

"Ba don kai na zo ba," ya ce. "Barci ne ya ƙi mini. Ina take?"

Ya shiga garejin, ya cire takalmi, abin da ban taɓa ganin ko Kawu ya yi ba. Ya zagaya ta. Ya ce wannan uwa ƙirar Bature ce, tasu ta gida ba ta da wannan ƙahon. Sannan ya tsuguna ya shimfiɗa tafin hannunsa a fuskarta, yana shafawa a hankali, ido a rufe. Masu sarƙa suka dawo, ɗaya ya ce, "Yalla, yalla." Ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba, mutumin ya ja baya.

"Bahago ne?" ya tambaye ni.

"A'a, da dama yake ci, da dama yake rubutu."

"Da hagu yake bugu. Dubi inda ƙarfen ya yi sheƙi, a nan yake tsayawa."

Na yi shekaru ina ganin Kawu yana ƙira ban taɓa lura ba. Daga baya mahaifiyata ta tabbatar mini cewa bahago aka haife shi, da bulala aka mayar da shi dama.

Baba Maigadi ya ci gaba da shafawa. Ya nuna mini wasu ramuka a gefe, baƙaƙe, tsatsa ta zauna a ciki.

"Waɗannan tsofaffi ne, na mutanen da suka riƙe ta kafin shi. Ina nasa? Mai koyo dole ya kuskure ƙarfe ya daki uwa. Ni kaina na yi, ubana ya mare ni. Ina nasa raunin?"

Sai na tuna. Na hau motar 'yan gwangwan na tona, na jawo wani guntun gatarin babbar mota, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi, na mirgino shi gabansa. Duk jikinsa rami ne, babu inda za ka sa yatsa. Na gaya masa cewa bayan mun kawo uwar, Kawu ya fi shekara bai sa mata guduma ba. Sai dai ya goge ta, ya shafa mata mai, ya rufe da buhu. A kan wannan guntun ya yi ta koyo, sai ranar da ya ga hannunsa ya daina kuskure sannan ya yaye buhun.

"Wa ya gaya masa ya yi haka?"

"Babu kowa. Cewa ya yi ba ta yi masa laifin komai ba."

Dattijon ya zauna daɓas a simintin garejin, yana kallon guntun ƙarfen. Ya ciro hula ya goge fuska da ita, ya mayar. Masu sarƙa suna ta gunaguni, ni kuwa na koma gefe, don na san in na yi magana ɗaya zan iya ɓata komai. Can ya ce mini in gaya musu su ɗauke sarƙarsu daga nan, su bar masa har da guntun.

Ya zaro wayarsa, ya daɗe yana laluben lamba. Na ji an ɗauka daga can, na ji ƙarar bugun ƙarfe a bayan muryar. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi wuta. Sannan ya gyara murya.

"Yaya, a share wuri a rumfa, ta gefen gabas. Ina tahowa da uwa."

Na ji an tambaya daga can, ta wa?

Baba Maigadi ya kalli kututturen, ya kalli ƙofar ɗakin da sabon direba zai shiga.

"Wani maƙeri ne ya rasu a nan," ya ce. "Ku sa shi a addu'a."

Tun ranar Lahadi ban yi kuka ba, ko a maƙabarta. A nan garejin na yi shi, a gaban 'yan gwangwan, da baƙin mai a hannuna. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa.